Tagwayen da Suka Ƙi Kama

Baba Tagwaye bai taɓa haifar tagwaye ba. 'Ya'yansa shida ɗaya bayan ɗaya suka zo, kamar masu bin layin famfo. Zobba ne suka ja masa sunan. Shekara arba'in da ɗoriya yana zaune a wani shago mai faɗin tabarma biyu, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule, yana ƙera wa masu aure zoben azurfa bibbiyu. In ka ajiye su a tafin hannu, ban da ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ko uwarsu ba za ta bambance su ba.

Yana da hanyarsa. Sanda ɗaya ta azurfa yake rabawa biyu, ya nannaɗe, ya haɗa baki, sannan ya ɗauki ɗan ƙarfe mai tsini ya zana igiya mai harɗe biyu ta zagaye zoben. In ya gama sai ya jawo sandar sabulu, ya mirgina na ango, ya mirgina na amarya a gefensa. Sawun nan biyu sai sun tafi kafaɗa da kafaɗa. In ɗaya ya kauce da ƙwayar gashi, wuta zai koma.

Kuma bakinsa ya fi magagarinsa kaifi. Duk ma'auratan da suka ce kowa da irin nasa yake so, sai ya ɗago tabarau ya ce, "Tun ba ku shiga ɗaki ba kun fara raba gado?" Su yi dariya, su karɓi iri ɗaya. Nawa ne daga cikinsu suka watse, zobban na nan da kamarsu tsaf a aljihun tebur, wannan bai taɓa ƙirgawa ba.

A gida kuwa, wanzami ba ya son jarfa. Zoben matarsa ya sulale a magudanar wanke-wanke tun tana goyon na uku. Ya ce gobe zai ƙera mata wani. Goben nan ta shekara talatin ba ta waye ba.

Da zubar shayi rawar hannun ta fara. Ya ɗora wa kofi laifi, ya ɗora wa tebur, har ya sa masa kwali a ƙafa. Da tebur ya daina girgiɗi shayin bai daina zuba ba, matar ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya sa shi miƙe hannuwa, ya duba, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce za su rage, ba za su raba ba. Da gaskiyarsa. In ya sha da safe yakan sami kamar awa guda hannun dama ya yi ladabi, daga nan sai ya shiga kaɗa ganga babu biki. Baba Tagwaye ya daina karɓar zoben aure. Ya ce idonsa ne ya yi rauni. Ya koma liƙa sarƙa da miƙe ɗankunne.

Sai aka sa ranar Auta.

Yayyenta biyar, kowa da zoben ubansa ya yi aure. Ita kuwa a shagon ta yi rarrafe, ita ce mai riƙe masa sabulu tun haƙoranta ba su cika ba. Angon, wani direban bas mai kunya kamar sabuwar amarya, ya zo da kansa ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Baba, irin na yayyenta take so. Tun da muka haɗu take ba ni labarin igiyar nan."

Na Auta ya fara yi. Safiyar ranar Allah ya ba shi aron hannunsa na da, igiya ta zagayo ta sami bakinta lafiya lau. Ya riƙe zoben a haske har idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne, alhali ko wuta bai hura ba.

Na ango ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ya fi faɗi, ya fi cin lokaci, awa guda ba ta isa. Sai igiya ta kusa zagayowa hannun ya zabura, tsini ya ja layi kamar kaza ta yi tono. Ya gwada raba aikin kwana biyu, rabin jiya ya ƙi gaisawa da rabin yau. Ya ɗaure tsintsiyar hannun a jikin tebur da igiyar labulen maƙwabci, yatsun suka ci gaba da rawarsu. Sau bakwai yana narkar da shi. Mai agogo ya leƙo ya ce, "Tagwaye, ka je babban kanti ka sayo na inji ka sa a kwalinka mana. Wa zai sani?" Ya je ɗin, ya tsaya gaban gilashi yana kallon zobba ɗari a tire, duk uwa ɗaya uba ɗaya, babu mai rai a ciki. Ya dawo hannu rabbana.

Ana saura kwana biyar Auta ta biyo daga makarantar da take koyarwa, da alli a gefen mayafi. Ta zauna kan kujerarta ta da, ba ta dubi hannunsa ba ko sau ɗaya, kuma rashin duban ne ya tona ta.

"Baba, ka san yanzu an daina yayin iri ɗaya? Shi ma angon ya ce nasa ka bar shi sumul, babu zane. Wai zane yana cin fatar sitiyari."

"Sitiyari."

"Wallahi, Baba."

"Kada ki rantse, Auta. Uwarki ce ta aiko ki?"

"Ni na aiko kaina."

"Ke da tun kina shekara bakwai kike cewa naki igiyar harɗe uku za a yi?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Da zagi ta zo da shi, da ya san abin da zai mayar. Tausayi kuwa ba shi da mariƙi, ba a san inda za a kama a jefar ba. Ya ce ta je, zai duba.

Bayan ta fita ya daɗe yana kallon zoben nan biyu, mai kyau da gurgu. A nan dabara ta faɗo masa, irin dabarar tsofaffi da ba a shawara da kowa. In gurgu ya kasa miƙewa, ai mai ƙafa yana iya ɗingishi. Ya jira har ƙarfin magani ya sake shi, ya ɗaure zoben Auta, zobe na ƙarshe da hannunsa ya yi daidai a duniya, ya ɗora masa tsini, ya bar hannun ya yi abin da ya ga dama.

Ya jawo sabulu ya mirgina su. Sawun ango ya karkace hagu, na amarya ya yi tsalle dama. Ashe rawar hannu ma ba ta maimaita kanta. Azurfar da ta rage ba ta kai a sake ba, ko ta kai, da wane hannun?

Haka matar ta same shi da ta kawo masa abincin rana. Ta ɗauki zobban ta juya, ta dubi sabulun, ta dube shi.

"Maigida, mai kyan ma ka kashe shi?"

Ya ture sabulun gefe.

"Oh ni! An ce tsufa ba ya sallama, naka har da sanda ya shigo." Ta kamo hannunsa na hagu, inda nasa zoben ya nutse cikin tsoka. "Wannan shekara talatin ba shi da ɗan'uwa. Ka ga na bar maka gidan?"

"Ba ɗaya ba ne."

"To a kan me muke magana tun ɗazu?"

Ranar da Auta ta zo karɓa da angon, ya miƙa kwalin da hannu biyu don kada ya faɗi. Ta buɗe. Ta san nata, ta gan shi sanda yake lafiya. Ta shafa tabon da babban yatsa, a hankali, ta sa a hannu. Direba ya sa nasa yana ta godiya, shi ko tayar mota aka zura masa godiyar zai yi. Idon Auta ya kai kan tebur inda sabulu yake zama. Babu shi.

Sabulun yana aljihunsa. Da ya koma gida ya ajiye shi a bakin famfo. Matar ta ɗaga ta ga sawu biyu kowanne ya kama gabansa, ta ce sabulu mai kyau ne, bai kamata a bar shi ya bushe ba. Da shi ta wanke masa rigar da ya sa ranar bikin.