Mai hasashen kwando da bai taɓa kuskure ba

Wata rana a makon nan, ana saura kwana uku a fara gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, na leƙa filin da ƙungiyoyi ke atisaye a Kaduna.

Kun san halina. Duk shekara sai na jero muku ƙungiyoyi huɗun da za su kai kusa da ƙarshe. In na dace in cika ku da baki, in na sha ƙasa in ce laifin alƙalin wasa ne.

Bana ma na riga na rubuta a waya, turawa kawai ta rage:

"Idan Muntaƙa ya buga, kofi nasu ne. Idan bai buga ba, su kama hanyar tasha."

Muntaƙa shi ne kyaftin ɗin ɗaya daga cikin jami'o'in. Sau biyu ya yanke jiki ya faɗi a atisaye watan jiya, likita ya ce ya huta. Na san da haka sarai. Maganar ce dai ta yi mini daɗi a baki.

A benci na tarar da wani dattijo, dogo har ya ranƙwafa, yana kallon 'yan wasa yana rubutu a wani tsohon littafi. Mai sayar da ruwa ta raɗa mini cewa a da shi ke hasashen gasar a rediyo, kuma shekara tara bai taɓa kuskure ba.

Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na gaishe shi, na miƙa masa wayar don ya yaba mini.

Ya karanta. Ya sake karantawa. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, wa ya ba ka wannan magana?"

"Ni na tsara abata, Baba."

"A'a, tawa ce. Shekara ashirin da biyu ke nan da na faɗe ta, suna kawai ka canza."

Nasa kyaftin ɗin sunansa Zayyanu. Likita ya ce zuciyarsa ba lafiya, kada ya buga. Zayyanu ya haƙura, har ya ajiye rigarsa.

Ranar Juma'a dattijon ya yi maganar a rediyo. Kafin Lahadi makaranta ta haddace ta. Ɗalibai suka rubuta ta a bango. A wurin cin abinci ana buga cokula a faranti ana kiran sunan Zayyanu. Daga nan wasu suka fara ce masa matsoraci.

Ya koma ya ɗauki rigarsa.

Ya buga wasa uku lafiya. A wasan ƙarshe, saura minti ɗaya, ya jefa ƙwallo ta shiga kwando. Ya juya, ya durƙusa, goshinsa ya taɓa ƙasa.

Kowa ya ɗauka sujadar godiya yake yi.

Aka yi ta tafi, ana kabbara. Babu wanda ya matsa kusa, don ba a katse wa mai sujada.

Bai ɗago ba.

Duk da haka sai da na yi tambayar da har yanzu nake jin kunyarta.

"Baba, to kofin fa?"

"Sun ci. Ai ban taɓa kuskure ba. Kuma ranar na fi kowa tafi, saboda maganata ta fito."

Ya ce ya san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya masa, ya kuma yarda. Amma har yau in ya kai goshinsa ƙasa a salla, Zayyanu yake gani a gefensa.

Bai sake shiga gidan rediyo ba. Littafin nan ma ba maki yake rubutawa ba. Sunan duk ɗan wasan da ya ga ya dafe ƙirji ko yana haki fiye da kima yake rubutawa, ya kai wa mai horar da su.

Ya buɗe mini shafin ranar. Sunan Muntaƙa ne a sama, an ja masa layi biyu.

Na ɗaga kai. Ga Muntaƙa can bakin fili cikin kayan gida, shi kaɗai, yana duba waya. Yana cikin masu bin wannan shafi nawa na intanet. Kwanaki har ya tambaye ni yaushe zan saki hasashen bana.

Wallahi tsoro ya kama ni. A gaban dattijon na goge rubutun.

Saboda haka masu jiran jerin ƙungiyoyi huɗu, ku yi haƙuri, bana babu.

Darasi: Magana zarar bunu ce. Kai hasashe ka yi don a ce ka iya, wanda ka ambaci sunansa kuwa umarni ya ji. Kafin ka ɗora wa mutum fatan gari guda, tambayi lafiyarsa.

Ku yaɗa wannan har ya isa ga 'yan makarantar su Muntaƙa. Na ji an ce jiya sun fara buga masa cokula.