Mai Cin Ƙwallo da Ka

A shekarun da na yi ina tuƙa baƙin wani otal a Dubai, babu wanda ya tsaya min a rai kamar wani dattijon Bature. Wata safiya ya shigo motata da 'yarsa, tana riƙe da hannunsa. Sai da na sake duba madubi na gane shi. Tsohon ɗan wasan gaba na Ingila ne, gwanin mahaifina. A Zariya, in Baba na ba mu labarinsa, har miƙewa yake ya nuna yadda yake tashi sama ya sa wa ƙwallo kai.

'Yar ta ce in kai su bakin ruwa a Al Ras, yana son kallon jiragen katako. A hanya na kasa haƙuri, na ce masa da Turanci, "Yallaɓai, har a garinmu an san ka. Babana ya ce ba a yi mai cin ƙwallo da ka irinka ba."

Ya yi murmushi, ya dubi 'yarsa. "Na yi ƙwallo ne?"

"Ka yi, Baba."

"Mun ci?"

"Kun ci," in ji ta.

Da muka isa ya zauna yana kallon 'yan dako suna loda kaya. Ita kuwa ta tsaya kusa da ni, ta ce likitoci na ganin kan da ya yi ta sa wa ƙwallo ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kofunansa na nan a falo, kullum sai ya tambaya na wane ne. Tana cikin magana ya taso a firgice yana kiran mahaifiyarsa, ya ƙi shiga mota, wai sace shi zan yi. Da ƙyar ta lallashe shi.

Ranar Juma'a na kira Baba na gaya masa abin da na gani. Ya ce, "Allah ya kyautata ƙarshenmu."

Shekarar korona aka rufe otal ɗin, muka koma zaman ɗaki a unguwar Al Sabkha. A nan na ga labarin rasuwarsa a waya. Na faɗa wa abokan zamana, samari ne duka. Ɗaya ya tambaye ni ƙungiyar da ya buga wa, ya ce bai taɓa jin sunansa ba, ya ci gaba da raba karta.