Inci Uku a Rigar Yaya

Na daɗe ina ɗinkin mata a Lafiya, kuma har yau ban ga macen da ta tsaya wa awo tsakani da Allah ba. Da na zagaya tef a ƙugu sai a haɗiye numfashi, a ɗaga ƙirji, a kama kallon silin. Ni dai jira nake yi har cikin ya dawo mazauninsa, sannan in rubuta.

Yayata ta fi kowa iya wannan. Jikin gidanmu ta ɗauko, mai auki, kuma tun haihuwarta ta ƙarshe take da hawan jini, kullum da safe sai ta sha ƙwaya ɗaya. Da aka sa ranar bikin 'yarta ta fari, ta kawo mini atamfar anko shago. Na gama awo, ta leƙa littafina ta ɓata rai.

"Auta, ki rage inci uku."

"Daga ina, Yaya?"

"Daga ko'ina. Kafin biki zan shiga."

Na ce to. Amma matar da ta koya mini ɗinki ta hore ni da cewa awon da ke gabana zan yanka, ban da wanda ake fata. Sai na yanka rigar daidai jikinta, na shigar da ɗinkin inci uku ciki, na ninke rarar yadin na bi ta da guga. Ban gaya mata ba.

Ashe ta riga ta shirya. Ta je Agyaragu ranar kasuwa sayen doyar biki, ta haɗu da wani mai mota da lasifika yana tallar shayin rage ƙiba. Matar da ta fita neman doya ta dawo da abin da zai raba ta da sakwara. A jikin kwalin akwai hoton wata ƙatuwa da wata siririya, wai kafin sha da bayan sha. Na ce mata ai siririyar ta fi tsawo, ko shayin har tsawo yake ƙarawa? Ta ce baƙin ciki nake yi.

Makon farko mun sha kallo. Yayar da ke kiran mutum daga waje ya miƙo mata rimot, ita ce ke share tsakar gidanta na unguwar Azuba sau biyu kafin hantsi. Ta wanke labulen da ba su yi datti ba. Magana kuwa ba ta ajiye numfashi. Abinci ta daina nema, bayi ya zama ɗakinta na biyu. Mijinta ya ce in haka shayin yake, a ƙaro masa kwali ya kai ofis. Na lura hannunta na rawa in ta riƙe kofi, ita ma takan dafa ƙirji ta ce, "Kin ji yadda yake bugawa? Kitse ne ke narkewa." Muka yi ta dariya, kuma ni na fi kowa yi. Har yau ina jin kunyar wannan dariyar.

Abin da ban sani ba shi ne, mai lasifikar ya gaya mata ganye ne zalla, ba a haɗa shi da maganin asibiti. Sai ta ajiye ƙwayar hawan jininta a saman firij.

Saura kwana huɗu ɗaurin aure muna suyar cincin da hantsi, Yaya ta miƙe daga kujera sai ta sulale ƙasa. Gumi ya jiƙa ta sharkaf, ta riƙe kai tana cewa duhu take gani. A keke Napep muka kai ta asibiti. Nas ɗin da ta auna ta, wata 'yar ƙabilar Eggon da Hausa ba ta gama zama a bakinta ba, ta dubi abin awon ta dube ta.

"Mama, mene ka sha? Zuciyan ka yana gudu kaman mashin da ba birki. Abeg, faɗa gaskiya."

Da aka ɗauko wa likita kwalin shayin ya gani, ya yi mana bayani a natse. Ya ce irin waɗannan sukan ƙunshi abin da ke zaburar da zuciya ya ɗaga jini, da abin da ke sa gudawa, kuma yawancin abin da mutum ke gani ya ragu ruwan jikinsa ne. Ya ce mai hawan jinin da ta bar maganinta ta kama wannan, ɓarin jikinta na iya shanyewa, in ma abin ya tsaya nan. Wannan ciwon ne ya kwantar da Innarmu har ya tafi da ita.

Kwana biyu ta yi ana mata ƙarin ruwa. Ni kuwa na koma shago na sa reza na warware ɗinkin rigarta, na saki rarar nan, ina yi ina share hawaye. Ana gobe ɗaurin aure da safe, bayan an sallame ta, na kai mata gida. Ta saka, zif ya haye sumul. Ta juya gaban madubi, ta sake juyawa.

"Kin gani ko, Auta? Likita ya yi ta surutunsa, amma shayin nan ya yi aiki. Akwai sauran kwali ɗaya a durowa. Bayan biki rabin cokali kawai zan riƙa sawa."

Niyyata in bar ta da farin cikinta, don tela ba ya tona asirin awo. Amma na ga rufin asirin nan shi zai mayar da ita gadon asibiti. Na ce ta cire rigar. Na juya cikinta waje, na nuna mata layin hujin allura inda tsohon ɗinkin ya bi. Sannan na zaro tef daga jaka na zagaya ƙugunta, na jira numfashin ya sauka.

"Rabin inci kika rage, Yaya. Saura duk ni na sakar miki. A kan rabin inci kika so mu yi bikin nan babu ke."

Ta daɗe tana bin hujin da yatsa. Can ta ce, "Munafuka." Ta jawo durowa ta miƙo mini kwalin, ta ce in ɗauko mata ƙwayarta a saman firij, in kuma duba ko an kirɓa sakwara.

Ranar da za a kai amarya garin Ashige, aka shigo da ita ta yi sallama da uwarta. Yaya na zaune a bakin gado cikin rigar nan, ta cika ta fam. Yarinyar ta kifa fuska a cinyarta ta yi kuka har ta jiƙa atamfar, Yaya na shafa kanta tana sa mata albarka. Ina tsaye a bakin ƙofa, ina tunanin da abin ya zo da ƙarar kwana, a cinyar wa za ta yi wannan kukan.