Sandar Awon Ruwa

Shekara ashirin da bakwai mahaifina ya yi yana riƙe da makullin ƙofar ruwa, kuma ban taɓa ganin ranar da gonarmu ta riga ta wani sha ba. Magudana ɗaya ce ta taso daga madatsa ta ratsa gonakin masu noman rani arba'in da ɗaya. Tamu tana tsakiya. Ruwa yakan wuce ta gefenta yana sheƙi, albasarmu ta yi laushi, mu kuwa muna tsaye muna kallo sai kowa ya gama.

Ka'idarsa ke nan: mai makulli shi ne ƙarshen sha. Ina yarinya na taɓa tambayarsa dalili, ina ƙunƙuni. Ya ce, "Uwata, in gonata ta sha tun da safe, me zai tayar da ni in je in ga ko ruwa ya kai wa na ƙarshe? Ƙishirwar albasata ce ke korata."

Ba a biyansa ko sisi. Shi ne dai mai gyaran rufin makaranta in iska ta yaye, shi ne mai ɗaukar mara lafiya a amalanke zuwa bakin titi. Jakunkunanmu na makaranta da hannunsa ya ɗinka su daga buhun taki, kuma ba ya sa loma a baki sai ya ƙirga mu bakwai ya ga mun cika. Inna takan ce masa, "Malam, gidan nan masauki ne a wurinka, gidanka na gaskiya yana bakin magudana." Sai ya yi dariya ya wanke lakar ƙafarsa a bakin ƙofa.

Da sanda yake awon ruwa. Doguwa ce mai bakin ƙarfe, da tsaga uku a jikinta. Idan ya saki ruwa a gona, sai ya bi yana caka ta a ƙasa. Ƙasa mai laima tana ba sanda hanya, busasshiya kuwa tokare ta take yi. In ta nutse zuwa tsaga ta biyu, albasa ta ƙoshi, tumatir sai ta uku. Gonar yashi takan daɗe tana sha, ta yumɓu nan da nan. Kowa ya san haka, ko kuma dai mun ɗauka kowa ya sani.

Sai maƙwabcinmu ya dawo daga birni, aikin ofis ya ƙare masa, ba shi da komai sai wani ƙaton agogo a hannu. Shi ya sa ake ce masa Mai Agogo. Baba ne ya tsaya masa har ƙungiyar manoma ta ba shi fili. Baba ne ya ba shi irin albasa, ya nuna masa yadda ake riƙe fartanya ba tare da ya sare yatsunsa ba. Ni da kaina na sha kai masa abinci gona.

Mako guda mutumin nan ya yi yana laɓewa a bayan ciyawa yana duba agogo. Ranar taron ƙungiya a rumfar ma'ajiyar taki, ya miƙe da 'yar takardarsa. Ya ce gonarsa minti arba'in take samu, ta Kawu, ƙanen Inna, awa biyu cur. Bai faɗi cewa tasa yumɓu ce ta Kawu yashi ba. Ya ɗaga hannu agogo yana walƙiya, ya ce, "Jama'a, agogo ba shi da dangi. Sanda kuwa ba ta da lamba, amma ta san surukai."

Aka yi dariya. Wannan dariyar ce ba zan manta ba. Mutanen da Baba ya ɗauki matansu a amalanke suna naƙuda, su ne suka riƙe ciki. Baba ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a kan buhu, ya ɗauki sandarsa ya tafi gida. Daga ranar, mutumin da bai taɓa shan ruwan wani ba ya zama mai son kai a bakin yara.

Rani biyu ya ƙara a duniya. Abin da ya fi ƙona mini rai, bai daina fita ba. Kullum da sassafe zai bi magudana yana cire ciyawa da laka, ba makulli, ba godiya. Na ce, "Baba, don Allah ka bar musu ta toshe!" Ya ce, "Ruwa bai yi mini laifi ba, uwata." Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana da hantsi ya kama hannuna ya ce ya yafe wa maƙwabcinmu. Na gyara masa matashi kawai, don ban iya yi wa mara lafiya ƙarya ba.

Da Baba ya rasu, Mai Agogo ya zo gaisuwa, har da hawaye. Ya nemi ruwa na kawo masa. Ya kurɓa sau biyu na janye kofin, na ce, "Malam, lokacinka ya cika." Inna ta kwana uku ba ta yi mini magana ba, ni kuwa ko a jikina.

Na rufe shagon ɗinkina na karɓi gonar Baba. Sandar na jingine ta a bayan ƙofar ɗakinsa, na zauna jira. Ban jira da yawa ba. Mai Agogo, wanda makulli ya koma hannunsa, awa ɗaya yake ba kowa, kuma da gonarsa yake farawa. Gonakin yumɓu suka jiƙe har albasa ta ruɓe, na yashi suka ƙone. Shi bai ma san cewa akwai wanda yake share magudana duk tsawon shekarun nan ba, ya ɗauka ita take share kanta. Ta cushe da laka, gonaki goma sha biyu na ƙarshe ko ɗigo ba su gani ba. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Aka sake taro a rumfar nan. Kowa yana kumfar baki a karɓe makulli. Shugaban ƙungiya ya ce a ba ni, tunda ni na tashi ina bin Baba gona. Na lura da Mai Agogo, har ya sa hannu a aljihu, fuskarsa ta wanda za a sauke wa kaya. Nan na gane cewa in na karɓa na yi masa alheri.

Na miƙe na ce, "Ba na so. Shi ya nema, ya riƙe kayansa. Amma a dawo da ka'idar mahaifina, mai makulli shi ne ƙarshen sha." Rumfar ta ɗauka da amin. Dole Mai Agogo ya yarda, don wanda ya ce sanda ta san surukai ba shi da bakin cewa a fara da gonarsa.

Mako uku ya yi yana fama. Ya shiga magudana da shebur har gwiwa, hannunsa ya yi kanta. Amma awa-awa ɗin nan ba ta zagayowa, kafin a kai kansa ranar ruwa ta wuce. Albasarsa ta kwanta. Kullum nakan bi ta gefen gonarsa, ko da yake ba hanyata ba ce.

Wata rana da la'asar ya yi sallama a ƙofarmu. Ya rame, ya tsaya yana murza hula. Ya ce, "'Yata, na zo ne a kan sandar marigayi. Ki taimaka ki ara mini, ki nuna mini yadda ake duba ta."

Na ce, "Malam, ubana yana kabari, kada ka ƙara ce mini 'yata. Sanda tana nan. Amma a ina ka zage ta?"

Ya sunkuyar da kai. "A rumfa."

"To a rumfa za ka karɓe ta, a gaban waɗanda suka yi dariya."

Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah, mahaifinki ya yafe masa." Na ce, "Inna, nasa ya yafe. Nawa yana nan."

Ranar taro ya tsaya a daidai inda ya tsaya shekara uku baya. Ya ce tun a lokacin ya san gonar Kawu yashi ce, ya san marigayi bai taɓa karkatar da ruwan kowa ba, makullin kawai yake so. Ba wanda ya yi dariya. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya haɗa ido da ni. Sannan na miƙa masa sandar, na nuna masa tsaga ta biyu da ta uku. Jikokin Baba da suka tashi suna jin ana cewa kakansu mai son kai ne, ranar na zo da su duka suka ji da kunnensu.

Yanzu ruwa yana kai wa na ƙarshe. Mutane suna cewa zuciyata ta yi tauri, ban musa ba. Kullum da safe Mai Agogo yakan iso gonata da laka har gwiwa, sandar Baba a hannunsa, ya caka ta a ƙasa ya jira ta nutse. Ya daɗe da cire agogon, sai farin zagaye a wuyan hannunsa. Nakan bari ya gama, ya ɗauki shebur zai wuce, sannan in ɗago in ce, "Malam, ƙarfe nawa?"