Hannu a Cikin Gwangwanin Filasta

Har yanzu in na taɓa abu mai ɗumi ba zato, sai gabana ya faɗi.

Da takardar sakandare kawai aka ɗauke ni koyar da zane a wata ƙaramar sakandare kusa da Hunkuyi, lokacin da gwamnatin soja ke ta rage ma'aikata. Irina ake fara sallama. Manhaja ta ce a koya wa 'yan aji biyu zuba siffa, amma kayan aikin duka rabin buhun filasta ne, farin garin nan da ake ɗaurin karaya da shi a asibiti.

Na nuna musu yadda ake yi: a danna tafin hannu a kan yumɓu, a cire, a dama filasta a zuba a gurbin, in ta bushe ga hannunka fari tas. Ruwa ya ƙare, na tafi rijiya.

Da na dawo, na tarar da 'yan mata sun kewaye wata yarinya. Ta cika babban gwangwanin madara da filasta ta tsoma hannunta har wuyan hannu, wai tana son siffar ta fito da bayan hannun ma. Filasta kuwa in za ta daskare zafi take yi, in tana da yawa har ta ƙona. Gumi na zuba a goshinta. Ƙawayenta na ba ta haƙuri, don a wurinsu kamar zungurun ƙunshi ne: in an sa hannu a lalle, daurewa ake yi, kuma wadda ta cire da wuri dariya ake mata.

"Malama, bar shi ya kama tukuna," in ji ta.

Na ja, ya ƙi fita. Na tsoma gwangwanin a bokitin ruwa, na yage shi da almakashi, na riƙa ɓantarar filastar da cokali har hannun ya fito. Yatsu biyu sun ƙone sun tashi.

Shugaban makaranta ya ce a daina darasin, kuma in iyayenta suka kawo ƙara ba zai iya kare ni ba. Ban jira su zo ba. Bayan an duba ta a ɗakin shan magani, na raka ta gida da kaina. Uwarta ta juya hannun, ta daɗe tana kallo, ta tambaye ni ko ni na ce ta tsoma. Yarinyar ta riga ni amsawa, ta ce ita ta tsoma da kanta. Uwar ta dungure mata kai.

"Ke da taurin kai kamar ubanki. Malama, gobe za ta zo."

Washegari na je ofishin shugaban na ce, ranka ya daɗe, in an daina yanzu, abin da za su riƙe kawai shi ne filasta na cin hannu, kuma wani zai gwada a ɓoye. Ya ce in ci gaba, amma alhakin na wuyana.

Na koma aji na dama filasta kaɗan a kofin roba, na sa suka miƙa wa juna, kowa ya riƙe kofin ta waje har ya ji ɗumin na tasowa. Sannan na raba yumɓu. Na kai darasin ƙarshe.