Injiniya da Katin Awon Matarsa

Injiniya ake ce masa, ko da yake ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Mai haɗa wayar lantarki ne. A kan aiki kam ba shi da wasa: ba ya taɓa waya sai ya ɗora mata testa, ko da shi ya kashe wutar da hannunsa. Amma a harkar mata, wayyo, tsirara yake kama waya. Duk gidan da ya je aiki sai ya baro lambarsa. Kwaroron roba kuwa, cewa yake na matsorata ne.

Wai shi mai dabara, yana da hanyar gwajinsa. Duk lokacin da matarsa ta samu ciki ta je awo, ana gwada jininta. Ta dawo, ya tsare ta a bakin ƙofa.

"Maman yara, me suka ce?"

"Lafiya lau."

Shi ke nan, gogan naka ya ci jarrabawa da jinin wani! Washegari har da ƙarin turare. Haihuwa huɗu yana wannan shirme, yana ma koya wa abokai a shago.

A ciki na biyar amsar ta canza. Ta ce, "Baban yara, sun ce in zo da kai."

"In zo in yi me? A jikina cikin yake?"

Sau uku tana faɗa, sau uku yana saɓa jakar aikinsa ya fice.

Ranar haihuwa ta zubar da jini sosai, aka ce a kawo jini leda biyu da gaggawa. Injiniya ya naɗe hannun riga yana cika baki, a ɗiba har uku. Bayan ɗan lokaci mai gwajin jinin ya kira shi ciki, ya tura ƙofa. Ƙanjamau. Jininsa ba zai yi ba.

"Haba malam! Ai kullum matata lafiya lau take."

"Wannan sakamakonta ne. Kai yaushe ka yi naka?"

Ƙanenta ne ya ba da jinin, ta rayu. Da Injiniya ya shiga ɗakin yana rarraba ido, yana neman ta inda zai fara, jaririn kawai take kallo.

"Kada ka wahalar da bakinka," in ji ta. "Wata shida ke nan ina shan maganin saboda yaron nan. Na kira ka sau uku."