Inna Tsaye da Hannun Mai Guga

A ƙaramin asibitin da ke bayan tashar mota, ɗakin masu tari shi ne na ƙarshe, wanda ake barin tagoginsa a buɗe ko ana ruwa. Teburi ɗaya ne a ciki, da sikeli, da akwatin katako cike da katunan marasa lafiya, sai kujeru biyu. Ɗaya ta malamin asibiti ce. Ɗayar ta Inna Tsaye ce, amma jakarta ce ke zama a kai. Ita a tsaye take karyawa, a tsaye take gaisawa, ko dariya za ta yi ƙafa ɗaya tana bakin ƙofa. Abin da ya jawo mata sunan ke nan.

Aikinta bin sawu ne. Kullum da safe malam zai ware katunan waɗanda ba su zo karɓar magani ba, ta zuba a jaka, ta bi su lungu-lungu. Wani ya ba da kwatancen ƙarya, wani ya tashi daga gidan haya, wani yana ciki ya sa a ce ba ya nan alhali ana jin tarinsa daga soro.

Da can tumatir take sayarwa a bakin kasuwa. Mijinta direban babbar mota ne, kuma tari ne ya ci shi, suna ta ɗura masa maganin kwalba na kemis har ya zama ƙashi da fata. Bayan rasuwarsa ita ma ta fara, ga zufa, ga rama. Aka gwada kakinta, aka ce tarin fuka ne, magani wata shida. Ta sha wata biyu, ta ji ƙarfi, kumatunta suka dawo, sai ta cusa katin a ƙarƙashin katifa ta koma kasuwa. Babu wanda ya zo nemanta. Kafin shekara ta zagayo ta tofar da jini a gaban 'yarta. Jinya ta biyu ta fi ta farko tsawo da wahala, kuma duk tsawonta abu ɗaya take nanatawa: da a ce wani ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Da ta warke sai ta fara ƙwanƙwasa wa mutane, ba wanda ya sa ta, har asibitin ya ga gara a ɗauke ta a ba ta riga.

Rigar ce ma ta kai ta wurin Mai Guga. Teburinsa na gindin wata bishiya a kwanar layinsu, mutum ne mai raha, wanda ko hankici ka kawo sai ya fitar masa da kari. Ran nan tana tsaye tana azalzalarsa ya yi sauri, sai ta ji ƙauri. Ta duba rigarta, lafiya lau. Gefen hannunsa ne ke jingine da dutsen guga, shi kuwa yana ta zuba mata labarin wani mai shago.

"Mai Guga, ɗaga hannunka."

Ya ɗaga, ya kalli ƙunar, ya yi dariya. "Inna, hannun ya saba. Shekara ashirin muna tare da wuta, mun zama 'yan gida."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun ta juya. Tsofaffin ƙuna uku ta gani, da wani tabo mai haske a damtsensa, faɗin tafin hannu.

"Wannan fa?"

"Ƙyasbi ne. Ina shafa mai."

"Yana ƙaiƙayi?"

"Ko kaɗan."

Nan ta soma zargi, don ɗakin masu tari shi ne kuma ɗakin masu kuturta, kuma ta sha ganin irin wannan tabon. Ta ce ya zo gobe malam ya duba shi. Ya ce to, da ikon Allah.

Bai zo ba. Washegari da ta biya, gindin bishiyar wayam, sai tokar gawayi. Matarsa ta leƙo ta ce ya yi tafiya, tana magana tana kallon ƙasa. Kwana tara Inna Tsaye tana cigiyarsa a tsakanin sauran zirga-zirgarta. Ta kasa cin abinci da daɗi. 'Yarta, wadda yanzu tela ce mai 'ya'ya biyu, ta ce, "Inna, ɗanki ne? Mutum ya ce ba ya so, ki ƙyale shi mana. Dubi gwiwarki yadda ta kumbura."

"Gwiwa tana da mai ita," in ji Inna, tana neman takalminta.

A bayan wani gidan wanki ta same shi, can ƙetaren titin jirgi. Hayaƙin gawayi ne ya tona shi. Da ya gan ta bai gudu ba, sai ya ajiye dutsen a hankali.

"Inna, don Allah ki rufa mini asiri. Na san abin da kike zato. In maganar ta fita, wa zai sake ba ni rigarsa? Wa zai ci abinci da 'ya'yana?"

"To in yatsun suka tafi, da me za ka riƙe dutsen?"

Ya kalli hannunsa, ita kuwa ta ci gaba.

"Ni da kake gani, na taɓa guje wa magani, kuma saura ƙiris ya zama ajalina. Wannan ciwon yana warkewa. Ƙwayoyi ne, ba a sayarwa, ba ka za a yi. Kana fara sha ka daina sa wa kowa. Abin da ya riga ya ci ne kawai ba ya dawowa, kuma yana ci yanzu da muke tsaye."

"A gan ni ina shiga ɗakin nan?"

"Ka ɗauko rigar malam a leda. Wanda ya tambaya, guga ka kawo."

Haka aka yi. Malam ya sa shi ya rufe ido, ya riƙa taɓa shi da ɗan silin auduga, yana cewa ya nuna inda ya ji. A kafaɗa ya nuna, a wuya ya nuna. Da aka zo kan tabon, malam ya taɓa sau uku, Mai Guga yana zaune yana jira a fara. Inna ta juya ta kalli taga. Malam ya lalubi jijiyar gwiwar hannunsa, ya ƙirga tabo bakwai a jikinsa, ya rubuta kati: wata goma sha biyu.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Ranar farko fitsarinsa ya yi ja, ya zo a guje yana cewa an kashe shi, malam ya ce aikin maganin ne. Daga baya fatarsa ta ƙara duhu, masu kawo guga suka fara tsokanarsa wai gawayin ya shige shi. A wata na biyar ya ɓace, Inna ta same shi a gidan surukinsa, ta tsaya a ƙofa da ƙwayoyin a hannu da ruwa a leda har ya gaji ya fito. Ya ce, "Inna, ke ba kya gajiya ne?" Ta ce, "Haɗiye tukuna, sai in ba ka amsa." Ya haɗiye, ta buɗe bakinsa ta duba kamar na jariri, ta wuce ba ta ba shi amsar ba.

Rigimar da ta fi kowacce ita ce ta batun duba iyalinsa. Matar ta ce ba wanda zai tuɓe mata 'ya'ya a asibiti. Sai da Inna ta yi sawu huɗu, ta rantse ita da kanta za ta riƙe labule, sannan aka kawo su. Uku lafiya. Ta huɗun, 'yar shekara tara, tana da ɗan tabo a bayan cinya, wanda ko uwar ba ta taɓa lura da shi ba. Matar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Wata shida yarinyar ta sha magani, ta gama, ko farcenta bai taɓu ba, ko makaranta ba ta fasa ba.

Shi kuwa Mai Guga, ƙananan yatsunsa biyu na dama sun ɗan lanƙwashe, kuma haka za su zauna. Ya koyi naɗe mariƙin dutsen da tsumma mai kauri, ya koyi duba hannunsa da ido kowace yamma tunda ba zai ji ba, yana jiƙa shi a ruwa yana shafa mai. Maganar ta fita, kamar yadda ya ji tsoro. Wasu sun ɗauke kayansu ba su dawo ba. Wasu sun dawo, don babu mai fitar da kari kamarsa. Ya mayar da teburinsa gindin bishiya.

Ranar da malam ya rufe katinsa, Mai Guga ya tsaya yana juya hularsa, kamar mai son faɗin wani abu.

"Inna, akwai yayana. Ɗaki ɗaya muka kwana da shi shekara shida kafin in yi aure. Kwanaki na ga yana ɗingishi, ya ce ƙusa ce ta shige shi bai sani ba sai da ya cire takalmi."

"Ina yake zaune?"

"Da nisa fa. Mota biyu za ki hau. Kuma shi ba irina ba ne, yana da zafi."

Malam ya ɗago daga rubutu ya ce yau tana da katuna biyar, kuma rana ta yi. Inna ta ce ta sani. Ta miƙa wa Mai Guga biro da bayan wata tsohuwar takarda.

"Zana mini hanyar. Kuma kada ka ce mini kusa da famfo, kowane gida a garin nan kusa da famfo yake."